Kastus Kalinouski, Matashin Da Ya Yi Wa Manoma Jarida Da Harshensu

Idan ka ji an ambaci Belarus a labarai, yawanci abu biyu ne ke biyo baya: Shugaba Alexander Lukashenko da ke kan mulki tun 1994, ko kuma yaƙin Rasha da Yukren. Shi ke nan, sai a wuce. To amma ƙasa ce mai mutane kusan miliyan 9, ba ta da teku, kuma maƙwabta biyar ne suka kewaye ta: Rasha, Yukren, Folan, Lituwaniya da Latbiya. Ƙasar dazuzzuka ce da fadamu. Dankalin turawa a wurinsu kamar yadda shinkafa take a wurin ɗan Kabi ne, har wata irin waina suke yi da shi da suke kira draniki. Yau zan ba ka labarin wani ɗansu da aka rataye yana da shekara 26, wanda har yanzu sunansa ke tayar da ƙura a ƙasar.

An haifi Kastus Kalinouski a watan Fabrairun 1838 a wani ƙauye mai suna Mastauliany, a yankin Grodno. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, wannan ƙauye na gwarzon Belarus yau cikin ƙasar Folan yake, iyaka ta bi ta gefensa kaɗan. Idan kai ɗan Bagudo ne, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinka. Ka san yadda Lolo take a Najeriya, Madekali kuma a Jamhuriyar Benin, alhali dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya ake ci, aure ake ƙullawa. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a birnin Paris a 1898 ita ce ta tsaga ƙasar Bargu gida biyu: Illo da Busa suka faɗa hannun Ingila, Nikki ta faɗa hannun Faransa. Ba wanda ya tambayi masu gonakin. Mutanen Belarus ma haka aka yi musu, sau da yawa ma.

Kafin a haife shi, ƙasarsu tana cikin wata babbar daula ce ta haɗin gwiwar Folan da Lituwaniya. Manyan maƙwabta suka yi kashin dankali da ita sau uku, a 1772 da 1793 da 1795, yankin Belarus ya koma hannun Sarkin Rasha. Sai zaman ya kasance hawa uku. Gwamnati da kotu da soja Rashanci suke yi. Masu manyan gandaye da masu ilmi harshen Folan suke yi. Talakan da ke riƙe da garma kuwa nasa harshen yake yi, wanda manya ke ɗauka maganar ƙauye ce kawai, ba abin da za a ɓata tawada a kansa ba. Da yawa daga cikin manoman nan idan aka tambaye su ko su wane iri ne, sai su ce su dai 'yan nan ne. Kuma ba 'yantattu ba ne. An ɗaure su da gandun ubangidansu, suna yi masa aikin tilas kwanaki a kowane mako, ba su da ikon tashi su koma wani gari sai da izininsa.

Shi Kastus ba ɗan irin waɗannan manoman ba ne. Gidansu na da asalin sarauta, sai dai irin wadda suna ya fi dukiya yawa. Mahaifinsa yana da ɗan ƙaramin wurin saƙa. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami. A 1849 suka koma wata gona kusa da garin Svislach, inda ya yi makaranta ya gama a 1855. Daga nan ya bi yayansa Viktar zuwa Rasha, ya karanta shari'a a jami'ar Saint Petersburg, ya kammala a 1860. Ya dawo gida da takardarsa, ya nemi aikin gwamnati a Vilnius, ba a ba shi ba. Na san akwai masu karanta wannan da labarin ya yi musu kama da nasu.

A 1861 Sarki Alexander na biyu ya yi shelar 'yanta manoma. Murna ta kaure, amma da aka karanta takardar da kyau sai murna ta koma ciki. An 'yanta mutum, ba a 'yanta gonar ba. Ƙasar da kakanninsa suka noma, sai ya biya kuɗin fansarta shekara da shekaru, kafin nan kuma aikin ubangida na nan a wuyansa. Takardar ma da Rashanci mai wuya aka rubuta ta, manomi bai san abin da ke ciki ba sai abin da aka ga damar faɗa masa. Nan ne Kalinouski ya ga giɓin. Dokar da ta shafi cikin mutum da gonarsa, amma ba a yi masa bayaninta da harshen da yake ji ba.

A 1862 shi da wasu abokansa, cikinsu har da Valery Urubleuski da Feliks Razhanski, suka fara buga wata 'yar jarida a ɓoye. Sunanta Muzhytskaya Prauda, ma'ana Gaskiyar Manoma. Ita ake ɗauka a matsayin jarida ta farko da harshen Belarus. Kada ka yi tunanin wata babbar jarida ce mai shafuka. Falle ne, kuma fitowa bakwai kawai ta yi tsakanin 1862 da 1863. Da baƙaƙen boko irin namu aka buga ta, ba da baƙaƙen Rasha ba. Ana yar da ita a bakin hanya, ana maƙala ta a shinge, wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran.

A ajinmu na koyon aikin jarida ana yawan nanata mana cewa ka san wanda kake yi wa magana kafin ka buɗe baki. Wannan mutumin ya san haka tun kafin a rubuta shi a littafi. Lauya ne, ya iya Rashanci, ya iya harshen Folan, amma bai sa hannu a matsayin lauya ba. Sai ya ari sunan Yaska, wani manomi na kusa da Vilnius, yana magana kamar maƙwabci da ke zaune da kai a gindin bishiya. Abubuwan da yake taɓowa su ne waɗanda ke hana manomi barci: haraji, kuɗin fansar gona, rashawar ma'aikata, kotun da ba ta jin talaka, da ɗibar samari aikin soja na shekaru masu yawa. Ya kuma yi ta nanata cewa hukuma don jama'a aka yi ta, ba jama'a don hukuma ba, da kuma cewa yara su yi karatu da harshensu.

A watan Janairun 1863 bore ya ɓarke a Warsaw bayan an yi yunƙurin kwashe samari a sa su soja da ƙarfi. Wutar ta bazu zuwa Lituwaniya da Belarus. 'Yan boren kansu ba bakinsu ɗaya ba. Akwai masu gandaye da ke son a kori Rasha amma a bar musu dukiyarsu yadda take, akwai kuma irin su Kalinouski da ke cewa a mallaka wa manomi gonarsa ba tare da ya biya ko sisi ba. Ya fara da jagorantar yankin Grodno, kafin ƙarshen damina kuma ragamar boren a Lituwaniya da Belarus ta koma hannunsa, yana ɗan shekara 25.

Sarkin Rasha ya turo Mikhail Muravyov a matsayin gwamna a Vilnius, mutumin da tarihi ya laƙaba wa sunan mai rataya. Ya zo da bulala a hannu ɗaya, zuma a ɗaya. Ana rataye 'yan bore a bainar jama'a, ana kora dubbai zuwa Saiberiya, a lokaci guda kuma gwamnati ta sassauta wa manoma kuɗin fansar gona don ta janye su daga boren. Dabarar ta ci. Manoma da yawa, musamman a gabas, ba su shiga ba, wasu ma sun taimaka wa sojan sarki, domin a idonsu boren na iyayen gijinsu ne. Wannan ita ce gaskiya mai ɗaci a labarin: wanda ya yi musu jarida bai samu dukkansu a bayansa ba.

Kalinouski ya ɓuya a tsakiyar Vilnius da sunan bogi. A farkon 1864 wani da aka kama daga cikin mutanensa ya tona inda yake. A kurkuku ya rubuta wasiƙu da harshen Belarus, aka yi dabara aka fitar da su, aka buga su daga baya a ƙasashen waje. Su ake kira Wasiƙu Daga Ƙarƙashin Igiyar Rataya. Ranar 22 ga Maris 1864 aka rataye shi a dandalin Lukishkes. Ana ruwaito cewa da mai karanta hukunci ya kira shi da laƙabin sarautar gidansu, sai ya ɗaga murya ya musanta, ya nuna cewa kowa da kowa daidai ne. Aka binne shi a asirce, don kada kabarinsa ya zama wurin taruwa.

Sai da aka shekara 40 da ɗoriya kafin a sake samun jarida da harshen Belarus da hukuma ta yarda da ita. A 1906 ne Nasha Niva ta fito a Vilnius, ita ce ta reni manyan marubutansu irin su Yanka Kupala da Yakub Kolas. Kabarin Kalinouski kuwa sai a 2017 aka gano shi, bayan zaftarewar ƙasa a tudun Gediminas ta sa masu binciken tarihi suka yi tono. Aka yi bincike aka tabbatar. Ranar 22 ga Nuwamba 2019 aka sake binne shi tare da sauran 'yan boren a maƙabartar Rasos. Shugabannin Lituwaniya da Folan sun halarta. Belarus mataimakin firaminista ta tura, amma 'yan ƙasar da yawa sun tsallaka iyaka da kansu, riƙe da tutar nan mai fari da ja da fari wadda gwamnatinsu ta daina amfani da ita tun 1995.

Ka ga ke nan har yau ana jayayya a kansa. Folan na cewa nata ne, Lituwaniya na cewa nata ne, 'yan adawar Belarus sun mai da shi tambarinsu, har 'yan ƙasar da ke yaƙi a ɓangaren Yukren tun 2022 suka sa wa rundunarsu sunansa. Masu goyon bayan kusanci da Rasha kuwa ɗan tawaye suke ganinsa. Kuma ni ba zan ce maka waliyyi ne ba. Jagoran yaƙi ne, 'yan boren sun kashe mutanen da suka zarga da leƙen asiri, kuma rubutunsa ya yi zafi sosai kan cocin Rasha da mabiyanta. Ka ɗauki abin da ya dace, ka bar wanda bai dace ba.

Harshen da ya yi wa hidima fa? Yana nan, amma yana jin jiki. Ƙuri'ar raba gardama ta 1995 ta ɗaga Rashanci ya zama daidai da shi a hukumance. A ƙidayar 2019 sama da rabin jama'a sun ce harshen Belarus ne harshen uwarsu, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka ce da shi suke magana a gida. A Minsk, babban birni, Rashanci za ka fi ji a kanti da cikin mota. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin harsunan da ke fuskantar barazana. Bayan zanga-zangar da ta biyo zaɓen 2020, wadda aka shirya galibinta ta Telegram, an toshe shafin Nasha Niva a 2021, aka kama editocinta, yanzu daga waje take aiki.

To mu dawo bakin Kwara. Mu Hausawa mun saba kukan cewa Turanci ya danne mu, kuma gaskiya ne. Amma a ƙasar Bagudo, Hausa ce babban kifi. Akwai Dandawa, Zabarmawa, Fulanin Kaoje, Busawa da Kyangawa. Mafi yawan Kyangawa yau Hausa ko Dandanci ko Zabarmanci suke yi, ƙauyuka kaɗan ne suka rage a yankin Illo da ake jin harshen a bakin mutane. Ba wanda ya hana shi da doka. Kunya ce da neman sauƙi: uwa ta ga Hausa ce ta kasuwa, ɗa ya ga Turanci ko Faransanci ne na makaranta, shi ke nan sai a wayi gari kaka ba ta da abokin hira.

Ka tuna lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, da kuma lokacin da aka hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Wannan doka ce da ta shafi tukunyar kowane gida daga Lolo zuwa Tsamiya. Mai jin Turanci ya karanta, mai jin Hausa ya ji a rediyo. Tsohuwar da ke sayar da kifi ko manja wadda Dandanci ko Busanci ne harshenta, wa ya zauna ya fayyace mata?

Kalinouski sai da ya ɓoye injin buga takarda, ya sa wuyansa a igiya, kafin ya fitar da falle bakwai. Kai wayar da ke hannunka tana iya kai murya ga ƙauye goma kafin a kira la'asar, kuma ba wanda ya ce ka ɗauki makami. Idan sabuwar doka ta fito kan iyaka, ko taki, ko rajistar zaɓe, ka karanta ta da kyau, ka tabbatar da ita, sannan ka yi bayaninta na minti biyu da harshen gidanku ka tura a WhatsApp. Idan kakarki na raye, ki naɗi tatsuniyarta da sunayen kifaye da bishiyoyi kamar yadda take kiransu. Idan za ka yi rubutu a Facebook ko bidiyo a TikTok, ka gwada yi da Kyanganci ko Dandanci ko Fulatanci, ko da mutum ashirin ne za su gane. Waɗannan ashirin ɗin ba su da wani da zai yi musu in ba kai ba.