Higuchi Ichiyo: Marubuciyar da talauci ya raka kabari, daga baya aka ɗora hotonta a kan takardar kuɗi

A watan Satumbar 1996 gidajen talabijin na ƙasar Jafan suka fara nuna fim ɗin zane mai motsi mai suna Hana Yori Dango, wanda aka ciro daga littattafan labarin zane na Yoko Kamio. Labari ne na wata 'yar talakawa, Tsukushi Makino, da ta shiga makarantar sakandare ta 'ya'yan masu hannu da shuni, inda wasu samari huɗu suka mayar da cin zalin ɗalibai abin nishaɗi, har soyayya ta ƙullu tsakaninta da jagoransu. Fim ɗin ya kai kashi 51, kuma a 2009 Koriya ta Kudu ta juya labarin zuwa wasan kwaikwayon Boys Over Flowers da ya zaga duniya.

Shekara ɗari cif kafin wannan fim, a 1896, wata budurwa mai shekara 24 ta rasu a wani gidan haya a birnin Tokyo. Watanni kaɗan kafin rasuwarta ta kammala wani labari a kan yaran makaranta, da cin zali, da soyayyar da bambancin matsayi ya shaƙe tun ba ta furtu ba. Sunanta Higuchi Ichiyo, labarin kuwa shi ne Takekurabe, wato gwajin tsayi irin wanda yara kan yi su ga wa ya fi wani girma. A nata labarin babu ɗan attajirin da ya zo ya ceci kowa, domin ita ma babu wanda ya cece ta.

Matsayin da aka saya ana gab da rushe shi

An haife ta ranar 2 ga Mayun 1872 a Tokyo, aka raɗa mata suna Natsu. Iyayenta, Noriyoshi da Taki, 'ya'yan manoma ne daga yankin da a yau ake kira Yamanashi. A 1857 suka gudo birni saboda danginsu ba su amince da aurensu ba. Mahaifin ya shafe shekara goma yana bauta wa manya yana tara kuɗi, har a 1867 ya sayi ƙaramin muƙami a ajin samurai, wato baraden da ke saman manoma da 'yan kasuwa a tsarin zamantakewar wancan lokaci. Shekara ɗaya bayan haka gwamnatin soja ta gidan Tokugawa ta faɗi, mulkin Sarki Meiji ya kankama, kuma sabuwar gwamnati ta shiga soke gatan samurai ɗaya bayan ɗaya. Noriyoshi ya koma ƙaramin ma'aikacin hukumar birni, yana ɗan ba da rance a gefe. Abin da ya rage wa gidan daga muƙamin shi ne alfahari da shi, da kuma kunyar nuna talauci, kuma wannan kunya ta bi Natsu har ƙarshen ranta.

Yarinya ce mai kaifin ƙwaƙwalwa. Ta zo ta ɗaya a ajinsu, amma a 1883, tana da shekara 11, mahaifiyarta ta cire ta daga makaranta a bisa ra'ayin cewa ɗinki da aikin gida sun fi yi wa 'ya mace amfani. Mahaifinta, wanda ya ga yadda abin ya dame ta, ya sa ta a 1886 a makarantar Haginoya, inda wata shahararriyar marubuciyar waƙa, Nakajima Utako, ke koyar da tsohon adabin Jafan.

A nan ta ɗanɗana irin abin da jarumar fim ɗin 1996 ta ɗanɗana. Yawancin ɗaliban Haginoya 'ya'yan sarauta ne da manyan jami'an gwamnati, masu zuwa a cikin tufafin alharini. Natsu kuwa da gwanjo take zuwa, kuma ita da wasu ɗalibai biyu marasa jinin sarauta suka ware suna zama tare. A wata gasar waƙa da aka yi a farkon 1887 ta halarta cikin tsofaffin kaya, ta kuma fi kowa maki. Nasarar ba ta sauya matsayinta ba. Bayan 'yan shekaru, da gidansu ya durƙushe, ta koma zama a makarantar tana yin aikin da bai bambanta da na 'yar aiki ba, tana hidima ga waɗanda ta kayar a gasa.

Shugabar gida a shekara 15

Babban wanta, Sentaro, ya rasu da tarin fuka a ƙarshen 1887. Ɗaya wan nata an riga an ware shi daga rajistar iyali, don haka a farkon 1888 aka rubuta Natsu a matsayin shugabar gida a hukumance. Mahaifinta ya zuba abin da ya rage masa a wata sana'a da ta rushe, ya rasu a watan Yulin 1889, ya bar bashi. Saurayin da aka yi mata baiko da shi, Shibuya Saburo, ya janye da ya ga gidan ya talauce. Daga baya ya zama babban jami'in shari'a, har ya riƙe muƙamin gwamna, amma tun kafin ya zama gwamna ya dawo neman aurenta, aka ƙi.

Ita da mahaifiyarta da ƙanwarta Kuni suka koma unguwar Kikuzaka suna wankau da ɗinki. Kantin jingina na Iseya ya zama wurin zuwanta a kai a kai, tana kai tufafi ta karɓo kuɗin shinkafa. Abin da ya nuna mata wata hanya shi ne labarin wata abokiyar karatunta a Haginoya, Miyake Kaho, wadda ta wallafa littafi a 1888 aka biya ta yen 33, kuɗin da ya ninka abin da ɗinki ke kawo musu a wata sau da dama. Natsu ta shiga rubutun ƙagaggun labarai ne domin ciyar da mutum uku, kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba. Sunan alƙalamin da ta zaɓa, Ichiyo, yana nufin ganye ɗaya. Ta danganta shi da almarar wani malamin addinin Buda da aka ce ya haye kogi a kan ganye, wanda kuma ake siffanta shi ba ƙafafu, alhali a harshen Jafan kalma ɗaya kan iya nufin ƙafa ko kuɗi. Raha ce ta wadda aljihunta ya bushe.

A 1891 ta nemi jagorancin Nakarai Tosui, ɗan jarida mai rubuta labarai a jaridar Asahi. Shi ya buga labarinta na farko, Yamizakura, a mujallarsa a 1892. Ta kamu da son sa, kamar yadda kundin rubutunta na yau da kullum ya nuna. Sai dai tsegumi ya yaɗu a Haginoya cewa budurwa na ziyartar namiji marar mata, aka matsa mata, ta yanke hulɗa da shi a tsakiyar wannan shekarar. Ko da an daidaita, doka ta sa auren ya yi wuya, domin kowannensu shugaban gidansu ne, kuma shugabar gida ba ta da ikon barin rajistar iyalinta ta shiga ta miji cikin sauƙi.

Wata goma a bakin Yoshiwara

Rubutu bai biya bashi ba. A watan Yulin 1893 iyalin suka sayar da kayansu suka koma Ryusenji, unguwar talakawa da ke manne da Yoshiwara, wato unguwar karuwai mai lasisin gwamnati, wadda aka kewaye da kwata aka bar mata babbar ƙofa ɗaya. Suka buɗe ɗan kanti suna sayar da alewa da kayan wasan yara da tarkacen amfanin gida. Ichiyo ce ke zuwa sari, Kuni na tsaron kanti.

A shekarar da aka haife ta, 1872, gwamnati ta yi shelar 'yantar da matan da aka sayar wa gidajen karuwai. A aikace sai aka sauya sunan cinikin kawai: mai gida ya ba iyaye kuɗi a matsayin rance, yarinya ta sa hannu cewa da son ranta za ta yi aiki har ta biya. Ichiyo ta ga yadda unguwa guda ke ci daga wannan tsari, tun daga masu jan keken fasinja har zuwa masu ba da rance, ta kuma saurari hirar yaran da ke zuwa sayen alewa. Kantin bai yi riba ba, aka rufe shi, suka tashi a watan Mayun 1894. Sabon gidansu a Maruyama Fukuyama yana kusa da mashaya, inda matan da ke aiki a ciki kan zo ta rubuta musu wasiƙu. A wannan tsakani ne kuma ta duƙufa kan rubuce-rubucen Ihara Saikaku, marubucin ƙarni na 17 da ya shahara wajen bayyana rayuwar 'yan kasuwa da sha'anin kuɗi, abin da ya fitar da ita daga labaran fada masu cike da ado zuwa rayuwar titi.

Wata goma sha huɗu

Daga Disambar 1894 zuwa Janairun 1896 ta rubuta ayyukan da suka ɗaukaka sunanta, lokacin da masana adabin Jafan ke kira watanni goma sha huɗu na ban al'ajabi. Otsugomori labarin 'yar aiki ce da ta saci yen biyu daga gidan iyayen gidanta don ta taimaki kawunta marar lafiya. Nigorie ya bi rayuwar wata ma'aikaciyar mashaya har zuwa mutuwarta a hannun mutumin da ya tsiyace a kanta. A Jusan'ya, wata mata ta gudo gida daga wulaƙancin mijinta, babban jami'in gwamnati, mahaifinta ya lallashe ta ta koma saboda aikin ƙaninta ya rataya a kan alfarmar mijin, kuma saki na nufin rabuwa da ɗanta.

Takekurabe, wanda mujallar Bungakukai ta buga kashi-kashi daga Janairun 1895 zuwa Janairun 1896, ya tsaya ne a kan yaran bakin Yoshiwara. Sun rabu gida biyu, 'yan bakin titi ƙarƙashin Shota, jikan mai ba da rance, da 'yan lungu ƙarƙashin Chokichi, ɗan shugaban 'yan kwana-kwana. Midori, mai shekara 14, ita ce tauraruwar yaran, tana kashe kuɗi yadda take so saboda yayarta ce karuwar da ta fi kowa kasuwa a wani babban gida. A daren wani biki 'yan lungu suka far wa abokan hamayyarsu. Ba su sami Shota ba, sai suka lakaɗa wa Sangoro duka, ɗan mai jan keke, suka jefi Midori da takalmi mai taɓo a goshi suna goranta mata sana'ar yayarta. Mahaifin Sangoro bai kai ƙara ba. A gidan mahaifin Chokichi yake haya, don haka ɗansa ya yi wa faɗa ya ce a ba da haƙuri.

Midori na son Nobu, ɗan malamin wurin ibadar Buda, shi ma yana son ta, amma tsoron tsokanar 'yan aji ya sa yake guje mata. Wata rana ana ruwa igiyar takalminsa na katako ta tsinke a ƙofar gidansu, ta jefo masa jan ƙyalle don ya ɗaure, ƙyallen ya kwana a cikin ruwa ba wanda ya ɗauka. A ƙarshe aka yi wa Midori gyaran gashi irin na manyan mata, ta daina fita wasa, Nobu kuma ya tafi makarantar horar da malaman addini. Kowane yaro ya gaji abin da gidansu ke yi, kuma marubuciyar ba ta tsaya yin wa'azi a kai ba.

Ta rubuta wannan ne a lokacin da Jafan ke murnar nasarar yaƙi da Sin na 1894 zuwa 1895, tana alfahari da tsarin mulkin 1889 da majalisar dokoki. A zaɓen farko na 1890 maza masu biyan harajin yen 15 ne kaɗai suka jefa ƙuri'a, kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na jama'a, kuma wata doka ta wannan shekarar ta hana mata halartar tarukan siyasa. Mutanen da ke cikin labaran Ichiyo su ne waɗanda wannan sabon tsari bai ƙidaya ba.

Yabo ya zo, lokaci ya ƙure

A watan Afrilun 1896 aka sake buga Takekurabe gaba ɗayansa a mujallar Bungei Kurabu. Manyan marubutan zamanin, Mori Ogai da Koda Rohan da Saito Ryokuu, suka yaba masa matuƙa, baƙi suka yi ta tururuwa zuwa gidanta. Ita kuwa ta nuna a kundinta cewa tana zargin da yawansu sun zo kallon abin mamaki ne, wato mace mai rubutu. Bashi bai ƙare ba, ga zazzaɓi ya kama ta. A watan Agusta likita ya tabbatar da tarin fuka, cutar da ta kashe wanta, ya kuma ce ta yi nisa. Ta rasu ranar 23 ga Nuwambar 1896. Mutane ƙalilan ne suka raka gawarta, domin iyalin ba su da halin karɓar taro.

Ta bar gajerun labarai 21, da waƙoƙi kusan 4,000, da kundin rayuwarta, wanda Kuni ta adana har aka wallafa shi a 1912. Yoshiwara ta ci gaba da aiki har 1958, lokacin da dokar hana karuwanci ta fara aiki sosai. A 1961 aka buɗe gidan tarihi da sunanta a unguwar da ta yi kanti, a 1986 kuma kamfanin Nippon Animation ya mayar da Takekurabe fim ɗin zane mai motsi. Daga Nuwambar 2004 Babban Bankin Jafan ya ɗora hotonta a kan takardar yen 5,000, har zuwa Yulin 2024 da aka fitar da sabuwa mai hoton Tsuda Umeko, wadda ta kafa kwalejin mata. Ginin kantin jingina na Iseya, inda ta riƙa kai tufafinta, yana nan tsaye a Kikuzaka.