Marigayi Audu Bako, Gwamnan Da Ya Tare Wa Kano Ruwa

Duk wanda ya taso a ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa ko Kunci ya san yadda ƙasarmu take: gona na manne da gona, mutane ga su nan birjik, damina kuma 'yar wata huɗu ce. Da kaka ta wuce sai rafuka su ƙafe, samari su kama hanyar cin rani. Mutumin da ya fara tunkarar wannan matsala da gaske shi ne Alhaji Audu Bako, gwamnan Jihar Kano na farko.

An haife shi a 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna, inda mahaifinsa yake aiki. Shi ma aikin ɗan sandan ya shiga a 1942, ya yi ta hawa har ya kai kwamishina. Da Janar Gowon ya ƙirƙiri jihohi 12 a 1967, sai aka ba shi Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yanzu.

Audu Bako ba injiniya ba ne, amma ya gane abu ɗaya: ruwan sama yana sauka da yawa, sai dai wucewa yake yi. Dabarar ita ce a tare shi. Aka fara da dam ɗin Bagauda a 1970, sannan aka gina Tiga tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya gallabi Arewa. An gina Tiga ne don ya ɗauki ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Shi ne ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, kuma ruwan da yake saki a Kogin Kano shi ake tacewa a Tamburawa don mutanen birni. Dam ɗin Tomas da ke nan yankinmu, da na Watari a Bagwai, bayan saukarsa aka kammala su, amma hanyar da ya share aka bi.

Juyin mulkin 1975 ne ya kawo ƙarshen gwamnatinsa. Ya koma noma abinsa, ya rasu a 1980. Kwalejin aikin gona ta Ɗambatta sunansa take ɗauke da shi.

To, 'yan'uwa ɗalibai, ga inda gizo ke saƙar. Waɗannan madatsu da ƙasa aka gina su, an tara ta an daddaɓe. Irin wannan gini ruwa na iya ratsa shi a hankali, ya rarake cikinsa ba wanda ya sani, girgiza kaɗan kuma sai ta ƙarasa shi. Mun saba ɗaukar girgizar ƙasa abin wasu ƙasashe ne, alhali ƙasa ta motsa a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, ta kuma motsa a Mpape ta Abuja a 2018. Ko ba girgiza ma, Bagauda ya fashe a watan Agustan 1988 bayan mamakon ruwa, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki.

Yau Tiga ya ba shekara 50 baya. Auna ruwan da ke tsattsafowa, sare bishiyoyin da suka fito a jikin bango, gyara hanyar da rarar ruwa ke fita, ƙara wa bangon kauri inda ya raunana, duk aikin da ke jiran masu karanta injiniyanci a cikinmu ne. Shi dai ya gina. Riƙon yana wuyanmu. Allah Ya jiƙan Audu Bako, Ya sa ruwan nan ya zame masa sadakatul jariya.