Sarkin Damagaram Tanimu Ɗan Sulaimanu, Mai Ganuwa Da Igwa Da Ya Riƙe Hanyar Fatake

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗauko kaya daga Damagaram ya nufi Kano ya san Ɗan Barto. Da an wuce Matamaye, nan ne zango na ƙarshe a ƙasar Nijar, inda ake tsayawa gaban ma'aikatan duwan kafin a tsallaka Kwangwalam, a kama hanyar Daura. A nan ne rake da wake da dabbobi ke gangarawa kudu, kayan masarufi kuma su hauro arewa. To amma a cikin masu bin wannan hanya dare da rana, kaɗan ne suka san cewa shekaru fiye da 140 da suka wuce babu wata iyaka a wurin, kuma mai faɗa a ji a wannan yanki, tun daga Kance har zuwa Zangon Daura, mutum ɗaya ne, wato Sarkin Damagaram Tanimu ɗan Sulaimanu. Tarihinsa muka kawo wa masu karatu a yau, musamman iyayenmu mata 'yan kasuwa da fatakenmu, domin ƙarfin mulkinsa daga kasuwa ya samo asali.

Gidan sarautar da Tanimu ya fito asalinsa Barebari ne. Kakan gidan wani malami ne da ya zo daga wajen Borno a cikin shekarun 1730, zuriyarsa kuma ta zauna a ƙananan garuruwan da ke gabas da Zinder, cikinsu har da Damagaram Takaya, inda masarautar ta samo sunanta. Mahaifin Tanimu, Sarki Sulaimanu ɗan Tintuma, shi ne ya mai da fadar zuwa Zinder a farkon ƙarni na 19. A wancan zamani Damagaram ƙaramar ƙasa ce da ke kai gaisuwa ga Shehun Borno, kuma Shehu na da ta cewa wajen naɗa sarki ko tuɓe shi.

Wannan ne ya sa hawan Tanimu bai zo da sauƙi ba. Wansa Ibrahim ne ya gaji mahaifinsu a 1822. A 1841 aka kawar da Ibrahim, Tanimu ya hau, amma shekara biyu kacal ya yi, a 1843 sarauta ta koma hannun wan nasa. Sai a farkon shekarun 1850 ya sake komawa kan gado, daga nan kuwa bai sauka ba har rasuwarsa a 1884, wato shekaru 30 da ɗoriya. Mutumin da ya ga yadda umarni daga Kukawa ke ɗaga sarki ya kuma sauke shi, ba abin mamaki ba ne idan ya ƙare rayuwarsa yana neman abin da zai sa kada a sake yi masa haka. Abubuwa uku ya nema: ganuwa, makamai, da dukiyar da za ta ɗauki nauyin biyun farko.

Ganuwar Birnin Zinder ita ce aikinsa da ya fi shahara. An gina ta da jar ƙasa a tsakiyar shekarun 1850, tsayinta ya kai kusan mita 10, kaurin gindinta kuma ya wuce haka, ta kewaye fada da masallaci da unguwannin Birni da manyan duwatsun nan da suka zama alamar garin. Talakawa da bayi ne suka yi aikin, kowane gari da ke ƙarƙashin sarki ya aiko da nasa hannun. Akwai labarin da tsofaffi ke bayarwa har gobe cewa an binne Alƙur'anai da 'yan mata a cikin ginin don kada birnin ya ciwu da yaƙi. Wannan almara ce ta baka, amma tana nuna irin kwarjini da tsoron da ganuwar da mai ita suka bari a zukatan mutane. Fadar da Sarkin Damagaram ke zaune a ciki ita ma ginin zamanin Tanimu ce, kuma a shekarar 2006 Nijar ta sanya unguwar Birni da fadar a jerin wuraren tarihin da ta gabatar wa hukumar UNESCO. Ganuwar kam ruwan sama da faɗaɗar gari sun cinye mafi yawanta, guntayenta ne suka rage.

Ta fannin makamai kuwa, Tanimu ya sha bamban da sarakunan da ke kewaye da shi. A lokacin da akasarin mayaƙan ƙasar Hausa suka dogara da doki da takobi da kwari da baka, shi ya zuba dukiya wajen sayen bindigogi daga hannun Larabawan da ke zuwa daga Tarabulus. Bai tsaya nan ba, ya sa maƙeran Zinder suka riƙa narka tagulla suna zuba igwa, ana kuma haɗa albarushi a cikin gari. Masana tarihi sun rubuta cewa rundunarsa ta mallaki bindigogi wajen 6,000 da igwa kimanin 40. Yawancin 'yan bindigar bayin sarki ne, haka kuma ya danƙa manyan muƙamai na fada a hannun bayi da babanni, waɗanda ba su da wani uban gida sai shi, don ya rage ƙarfin 'ya'yan sarauta da ka iya yi masa tawaye.

Da wannan ƙarfi ne ƙasar Damagaram ta yi faɗin da ba ta taɓa yi ba. Garuruwan Sosebaki, wato Mirya da Waca da Dungas, suna ƙarƙashinta. Ta kudu kuma, tun bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ya fara a 1804, sarakunan Haɓe na Daura da aka kora daga birninsu sun kafa sababbin mazauni a Zango da Ɓaure, suka kuma zama masu biyayya ga Damagaram, haka ma Magarya da Kance. Ke nan yankin da Matamaye da Ɗan Barto suke a yau ya kasance bakin ƙasar Tanimu ta kudu, inda ikonsa ke haɗuwa da na sarakunan Fulani na Daura da Katsina da Kazaure da Kano masu bin Sakkwato. A suna, Damagaram na nan ƙarƙashin Borno, amma a aikace ta zama mai cin gashin kanta.

Ina kuɗin duk wannan ya fito? Amsar tana unguwar Zango, wadda ke wajen ganuwa ta arewa. Nan ne masaukin Abzinawa masu raƙuma da Larabawan Gadamas da Gat da Tarabulus. Ayarin da ya keto Sahara ta Agadas, kafin ya isa Kano, wadda ke da nisan kimanin kilomita 240, sai ya sauke kaya a Zinder. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya sauka a garin a ƙarshen 1852, ya ɗauke shi a matsayin ƙofar shiga ƙasashen baƙar fata ga mai fitowa daga arewa. Daga arewa ana kawo yadi da takarda da takubba da sukari da bindigogi, ga gishirin Bilma da dabino. Daga gabas kanwa da mangul ke zuwa. Daga Kano kuma turkuɗi da sauran tufafin rini da goron Gwanja. Abin da ake kwasa zuwa bakin teku shi ne kirgi da hauren giwa da gashin jimina, wanda kasuwarsa ta yi tashin gwauron zabo a Turai cikin shekarun 1870, lokacin da matan Faransa da Ingila ke ƙawata hulunansu da shi. Da wuri ake ciniki a kasuwa, manyan fatake kuma su yi lissafi da azurfa.

Tanimu ya gane cewa madugu ba ya bi da ayarinsa inda za a yi masa fashi ko a ƙwace masa kaya da sunan sarauta. Saboda haka ya ja baƙin 'yan kasuwa a jiki, ya ba su masauki da kariya, ya kyautata hulɗa da Abzinawan da ke riƙe da hanyar hamada, shi kansa kuma ya shiga fatauci da dukiyar fada. Kuɗin fito da harajin kasuwa suka cika baitulmali, dillalai da fatoma da majema da marina da masu sayar da abinci suka sami abin yi, gari ya cika ya batse.

To sai dai, a cikin hajar da ta gina Damagaram akwai wadda ba za mu ɓoye ba, wato 'yan Adam. Bayi na daga cikin manyan abubuwan da ake biyan bashin Larabawa da su, da su ake sayen dawaki da bindigogi, da su ake kai gaisuwa Borno. Wani Baturen Ingila mai suna James Richardson, da ya zauna a Zinder a farkon 1851 zamanin Sarki Ibrahim, ya ga dawowar mahara daga wajen Korgom da mata da yara a ɗaure, ya kuma rubuta cewa harin bai tsaya kan abokan gaba ba, har talakawan ƙasar yakan rutsa da su. Wannan al'ada ba ta tsaya ba a zamanin Tanimu, bindigogin ma ƙara mata ƙarfi suka yi. Ƙauyukan da ke tsakanin Damagaram da Daura da Kano, wato irin namu na bakin iyaka, su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu, domin hanyar da ta kasance lafiya ga babban madugu mai wasiƙar sarki, ita ce hanyar da ake kora manomi da matarsa zuwa kasuwar bayi. Haka kuma an san shi da tsananin hukunci, wanda ya sa ake shakkarsa ciki da waje.

Bayan rasuwarsa a 1884, 'ya'yansa ne suka gaje shi, wato Sulaimanu ɗan A'isa, sannan Amadu Kuran Daga daga 1893, shekarar da Rabe ya rushe Kukawa, Damagaram ta rabu da Borno baki ɗaya. Kuran Daga ya gwabza da Sarkin Kano Alu a ƙarshen shekarun 1890. A 1898 aka kashe hafsan Faransa Kazamaju a Zinder, a watan Yulin 1899 kuma sojojin Faransa suka ci rundunar Damagaram a Tirmini, suka shiga birnin. Igwar tagulla da bindigar toka ba su iya tsayawa gaban makaman zamani ba, shekara 15 kacal bayan mai su ya kau.

Daga nan ne Faransa da Ingila suka zauna suka raba ƙasar a kan takarda, da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, aka bi aka kafa turakun iyaka. Zango da Ɓaure suka faɗa ɓangaren Ingila, Kance da Magarya suka zauna ɓangaren Faransa, dangi ɗaya aka wayi gari da hukuma biyu da kuɗi iri biyu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin Sahara ya durƙushe, kaya suka koma shigowa ta kudu. Zinder ta riƙe matsayin babban birnin mulkin mallaka daga 1911 zuwa 1926, sannan aka mai da shi Yamai. Garuruwan bakin iyaka irin su Ɗan Barto suka sami sabon matsayi na mashigar kaya tsakanin ƙasashe biyu.

Mu da muka ga abin da ya faru lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, wadda Nijeriya ba ta janye ba sai a watan Maris na 2024, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Mun ga manyan motoci jere a bakin hanya kaya na lalacewa, mun ga yadda farashin tiyar hatsi ya tashi, mun ga matan da jarinsu ya narke. Abin da Tanimu ya fahimta tun wancan zamani shi ne arzikin wannan yanki yana tafiya ne da buɗaɗɗiyar hanya tsakanin arewa da kudu, kuma hukumar da ta tsare wa ɗan kasuwa hanya ita ce ke cin moriyarsa. Abin da bai kula da shi ba shi ne haƙƙin talakan ƙauye, wanda da guminsa, wani lokaci ma da 'yancinsa, aka biya kuɗin ganuwa da igwa.

Saboda haka idan Allah Ya kai ku Damagaram saro kaya, ku ɗan ratsa unguwar Birni ku ga fada da sauran ganuwar, ku kuma leƙa tsofaffin gidajen fatake na Zango masu zane a fuska, ku nuna wa yaran da kuke tafe da su. Allah Ya jiƙan magabatanmu, sarakunansu da talakawansu, Ya kuma ba mu zaman lafiya da albarkar kasuwa.