James Rainwater: Marayan Da Ya Gano Siffar Cibiyar Ƙwayar Zarra

Abin da ya fara jan hankalina ga wannan mutum sunansa ne, domin Rainwater ma'anarsa ruwan sama, ga shi kuwa bincikensa ya shafi wani abu mai kama da ɗigon ruwa.

An haife shi a jihar Idaho ta Amurka a 1917. Bai cika shekara ɗaya ba annobar murar nan ta 1918 ta ɗauke mahaifinsa. Duk da maraici ya dage da karatu, har ya sami digirin dakta a Jami'ar Kolombiya a 1946.

A zamaninsa masana sun rabu biyu game da cibiyar ƙwayar zarra. Wasu sun ce kamar ɗigon ruwa take, dukanta ke motsi tare. Wasu suka ce a'a, ƙwayoyin cikinta kowace na da nata zagaye. Kuma galibi an ɗauka a mulmule take kamar ƙwallo, alhali awon da aka yi ya ƙi yarda da haka. A 1950 Rainwater ya nuna cewa ƙwayoyin da ke can gefe suna iya jan sauran, har cibiyar ta miƙe ta yi siffar ƙwai. Ashe kowane ɓangare na da tasa gaskiyar.

Ni dai ban gane wannan a aji ba, sai da muka sami hutu na koma gida Gyaɗi-Gyaɗi. Inna ta aike ni Tarauni ɗebo ruwa, na ɗauko daro a ka. Na ɗan yi tuntuɓe kaɗan, sai ruwan duka ya karkata gefe guda, ya komo, ya sake tafiya. Haka manyan cibiyoyi irin ta yuraniyom suke: ƙarfi ƙanƙane ya isa ya sa ƙwayoyi fiye da 200 su yi rawa ko juyi gaba ɗaya.

Abokin ofishinsa, Aage Bohr ɗan ƙasar Denmak, shi da Ben Mottelson suka faɗaɗa wannan ra'ayi, suka gwada shi da sakamakon awo a 1952 da 1953, ya tabbata. Sai a 1975 aka ba su ukun kyautar Nobel, shekara 25 bayan takardarsa. A ganina jiran ya yi tsawo.

Rainwater ya rasu a 1986, yana da shekara 68.