Hasanul Basri da wasiƙar da aka jingina masa a kan ƙaddara



Muna aji biyu a jami'a malaminmu na Aƙida ya ce kowa ya binciko matsayin Hasanul Basri a kan ƙaddara. Na ɗauka aikin dare ɗaya ne, ashe sai na shafe wata guda ina juya littattafai.

An haifi Hasan a Madina shekara ta 21 bayan Hijira, saura shekara biyu halifancin Sayyidina Umar ya ƙare. Mahaifinsa Yasar an kamo shi ne daga Maisan ta ƙasar Iraƙi, mahaifiyarsa Khaira kuwa tana hidima a gidan Uwar Muminai Ummu Salama. Bayan yaƙin Siffin iyalinsu suka koma Basra. Ba malamin zaure kaɗai ba ne, ya fita jihadi gabas har wajejen Kabul, ya kuma yi wa gwamnan Khurasan aikin magatakarda.

A Basran nan ne fa rigimar ta tashi. Ma'abadul Juhani ne ya fara kore ƙaddara a garin, kuma saboda shi ne mutum biyu suka kai ƙara wurin Abdullahi ɗan Umar, ya karanta musu hadisin Jibrilu da Imamu Muslim ya buɗe Kitabul Iman da shi. A ɗaya ɓangaren kuma ga masu mulki suna fakewa da ƙaddara. Ibn Ƙutaiba ya kawo cewa an zo an faɗa wa Hasan sarakuna suna zubar da jinin Musulmi, suna ƙwace dukiya, sannan su ce haka Allah Ya ƙaddara. Hasan ya ƙaryata su kai tsaye. To, daga irin wannan ne wasu suka ce ai shi ma ɗan Ƙadariyya ne.

Sai kuma wasiƙa. Akwai wata doguwar wasiƙa da ake cewa ya rubuta wa halifa Abdulmalik ɗan Marwan, wadda ke jingina wa bawa aikinsa da salo irin na Mu'utazila. Shahrastani ya gan ta, ya karkata ga cewa ta Wasil ɗan Aɗa'u ce, almajirin da ya ware daga majalisin Hasan. Wani Bajamushe, Hellmut Ritter, ya buga ta a 1933, masu bincike na Turai da dama suka gina a kanta, suna karanta batun ƙaddara a matsayin rigimar siyasa tsakanin Banu Umayya da 'yan adawa. A 2006 Suleiman Mourad ya fitar da littafi yana kafa hujja cewa an rubuta ta ne da daɗewa bayan rasuwar Hasan. Ka ga dai, shekara saba'in ana gini a kan tubalin toka.

Malaman hadisi su ta ƙofar isnadi suka shiga. Abu Dawud ya jero ruwayoyi a Kitabus Sunna inda almajiran Hasan suka tambaye shi, ya tabbatar da ƙaddara, alheri da sharri. A nan ne Ayyubus Sakhtiyani ya bayyana cewa mutane iri biyu suka yi masa ƙarya: 'yan Ƙadariyya masu son tallata ra'ayinsu da sunansa, da masu ƙullace da shi. Kuma don amanar ilimi, akwai ruwayar da ke nuna Ayyub ɗin ya taɓa ja da shi a kan wata magana a wannan babi, Hasan ya yi alkawarin ba zai sake ba. Ban ga dalilin ɓoye wannan ba.

Ni dai abin da ya fi zaunar mini da mas'alar shi ne rayuwarsa. Da Ibnul Ash'as ya yi wa Hajjaju tawaye, malamai da yawa suka bi shi, Hasan ya ƙi, ya kira mutane ga haƙuri da tuba. Wanda ya ga wannan kaɗai zai ce mutumin ya miƙa wuya ne kawai. Amma shi ɗin ne ya soki Hajjaju a bainar jama'a, har ya zama sai da ya ɓuya zuwa mutuwar Hajjaju a shekara ta 95. Ya yarda abin da ya same su da ƙaddarar Allah ne, bai yarda azzalumi ya wanke hannunsa da ita ba. Mu kuwa sau nawa direba zai yi gudun wuce sa'a da tayar da ta suɗe, a yi asarar rayuka, mu ce ƙaddara ta riga fata, shi ke nan ba mai tambayarsa? Ƙaddara tana sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi, ba ta ɗauke wa mai ganganci hisabi.

Ya yi alƙalancin Basra na ɗan lokaci a zamanin Umar ɗan Abdul'aziz. Ya rasu a watan Rajab na shekara ta 110, yana da kusan shekara 89. An ruwaito cewa ranar jana'izarsa ba a yi sallar La'asar a masallacin Juma'a na Basra ba, domin duk garin ya bi gawarsa zuwa maƙabarta. Bayan kwana ɗari maƙwabcinsa a ilimi, Muhammad ɗan Sirin, ya bi shi. Allah Ya jiƙansu da rahama.