Karl Landsteiner (1868–1943) da Ma'aunin Tasirin Bincike

An haifi Karl Landsteiner ranar 14 ga Yuni, 1868, a ƙasar Ostiriya. Ya kammala karatun likita a Jami'ar Biyenna a 1891, amma maimakon ya zauna duba marasa lafiya, sai ya shafe shekaru yana koyon ilimin sinadarai a Jamus da Suwizalan, ciki har da zama a gaban Emil Fischer. Wannan horo shi ya bambanta shi da takwarorinsa, domin duk rayuwarsa kallon sinadari ya riƙa yi wa garkuwar jiki.

A 1900, cikin wani ɗan sharhi na ƙasan shafi, ya ambaci cewa ruwan jinin wani mutum kan sa jajayen ƙwayoyin jinin wani su dunƙule. A 1901 ya fitar da gajeriyar maƙala a wata mujallar likitoci ta Biyenna, bayan ya gwada jinin mutum 22, har da nasa da na abokan aikinsa. Ya kasa jinin ɗan'adam gida uku: A da B da C, wanda daga baya aka mayar da shi O. Rukuni na huɗu, AB, Decastello da Sturli ne suka gano shi a 1902. Maƙalar ta daɗe a kwance. Sai a 1907 Reuben Ottenberg ya fara gwada rukuni kafin ƙarin jini a New York, kuma aikin bai bazu ba sai da aka sami hanyar hana jini daskarewa a zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kyautar Nobel kuwa a 1930 ta zo, shekara 29 bayan maƙalar. Da za a auna ta da ma'aunin tasirin mujallu na yau, wanda ambaton shekara biyu kacal yake ƙirgawa, da an jefa ta cikin ayyukan da ba su amfanar ba.

Ana lissafa masa maƙalu 346. A cikinsu akwai aikinsa da Erwin Popper na 1908, inda suka sanya wa birai ɓargon kashin bayan wani yaro da shan-inna ta kashe, cutar ta kama su, abin da ya nuna ƙwayar bairos ce musabbabinta. Talaucin bayan yaƙi ya kore shi zuwa Holan a 1919, daga nan ya wuce Cibiyar Rockefeller a Amurka. A can ya zurfafa aikin da ya fi ɗauka da daraja, wato ɗaura ƙananan sinadarai a jikin furotin domin ganin yadda garkuwar jiki ke tantance abubuwa biyu da bambancinsu bai taka kara ya karya ba. Littafinsa kan wannan batu ya fito da Jamusanci a 1933, da Ingilishi a 1936, ya kuwa zama madogarar masana fannin na tsawon shekaru.

A nan ne lissafin ambato ke tuntuɓe. Kundin ƙididdigar ambato na Eugene Garfield bai fara fitowa ba sai 1964, shekara 21 bayan rasuwar Landsteiner. Kafin lokacin rukunonin jini sun riga sun zama sanin kowa. Robert Merton ya yi bayanin irin wannan hali, inda fahimta kan karɓu har sunan mai ita ya nutse a cikinta. Ma'aikacin ɗakin gwaji da ke rubuta harafin O a katin mai juna biyu yana aiki ne da maƙalar 1901, amma ba kundin da zai ƙirga wannan a matsayin ambato. Masu nazarin adabin baka sun san irin haka a karin magana, wadda yawan amfani da ita ke shafe sunan wanda ya fara furta ta.

Ya yi ritaya a takarda a 1939, bai bar ɗakin bincike ba. Shi da Alexander Wiener suka sanar da rukunin Rh a 1940, sannan a 1942 shi da Merrill Chase suka nuna cewa ƙwayoyin halitta ma, ba ruwan jini kaɗai ba, suna ɗauke da wani sashe na garkuwa. Ciwon zuciya ya riske shi a bakin teburin aikinsa, ya rasu bayan kwana biyu, ranar 26 ga Yuni, 1943. Sabon bugun littafinsa, wanda ya gama gyarawa gab da rasuwarsa, ya fito a 1945 ɗauke da babi guda na Linus Pauling.