Hajiya Gambo Sawaba, Wadda Ta Nemar Wa Matan Arewa Ƙuri'a

A zaɓen Tarayya na 1959, wanda ya share fagen samun mulkin kai, babu mace ko ɗaya da ta jefa ƙuri'a a Funtuwa ko Malumfashi, ko wani gari na Jihar Arewa, alhali kuwa matan Kudu sun jefa. Har matan Maraɗi da Damagaram, a ƙarƙashin Faransa, sun sami wannan dama tun 1956. Cikin waɗanda suka ƙi yarda da wannan hali, babu wadda ta sha wuya kamar Hajiya Gambo Sawaba ta Sabon Garin Zariya.

An haife ta a 1933, sunanta na yanka Hajaratu. Aka kira ta Gambo domin ta biyo bayan tagwaye. Mahaifinta mutumin Gana ne da ya zo aikin jirgin ƙasa, mahaifiyarta kuwa Banufiya ce. Iyayen suka rasu tana ƙarama, karatunta ya tsaya a firamare, aka yi mata aure tana da shekara 13. Abin da ta riƙa suka daga baya, wato auren wuri da hana 'ya'ya mata ilmi, ta ɗanɗana shi da kanta.

Ba a daɗe da kafa jam'iyyar NEPU a Kano cikin 1950 ba sai ta shiga, tana 'yar shekara 17. A zamanin nan shiga NEPU sayen fitina ne ko ga namiji, balle mace. Ta zama shugabar mata ta jam'iyyar, kuma daga kalmar da 'yan NEPU suka riƙe taken gwagwarmayarsu ta sami laƙabin Sawaba. Ta tafi har Abekuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta tara matan kasuwa suka yi tsayin daka a kan haraji, ta ga yadda ake haɗa kan mata.

Hanyarta ita ce shiga gida-gida. Matan da ke cikin kulle ba sa zuwa lacca, saboda haka ta bi su har tsakar gida. Wannan ne ya fi ɓata wa hukumomin En'e rai. Aka kama ta a Kano, Alkali ya ɗaure ta, daga baya aka kore ta daga birnin. An ƙirga ɗaurin da aka yi mata har sau 16, ban da dukan da ta sha a hannun 'yan banga.

Abin lura, ba majalisar farar hula ce ta biya wannan buƙata ba. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ce ta bai wa matan Arewa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita. A Jamhuriya ta Biyu Hajiya Gambo ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim.

Ta rasu a Zariya cikin Oktoba 2001. An sa sunanta a babban asibitin Ƙofar Gayan. A Majalisar Dattawan da aka zaɓa a 2023, shekara 22 bayan rasuwarta, mata ba su wuce huɗu ba cikin kujeru 109.